Wa Ya Huda Waken da Ke Cikin Ɗinkakken Buhu?

Kusan kowace shekara haka abin yake zuwa. A yi roron wake da kaka, a shanya shi ya bushe ƙarau, a buge, a sheƙe, a tsince tsakuwa. A zuba a sabon buhu dal, a ɗinke baki, a jibge a ɗaki mai daɓen siminti, a garƙame da kwaɗo. Mai kaya ya koma harkokinsa yana lissafin bazara, lokacin da tiya za ta yi tsada. Sai wajen watan Maris ya buɗe ɗakin, wani wari-wari ya tare shi tun daga bakin ƙofa. Ya dafa buhu ya ji ɗumi. Ya farke ɗinki ya cusa hannu, ya fito da shi fari fat da gari, ƙananan ƙwari masu ruwan ƙasa suna bin yatsunsa. Ƙwayar da ya ɗauka mai huda biyu, wata uku, wata ma ɓawo kawai ta rage.

Kwaɗo na nan yadda aka bar shi. Ɗinki bai motsa ba. To ta ina ɓarawon ya shiga?

Wanda ya taɓa zama a rumfar 'yan hatsi, a Dawanau ko a Maraɗi, ya san yadda shari'ar take gudana. Ɗan kasuwa ya ce wa wanda ya sayar masa, "Malam, ka ci amanata, tsohon wake ka cakuɗa min." Shi kuwa ya rantse, "Wallahi Alhaji na bana ne, a gabanka aka auna, kai da kanka ka ɗiba ka duba." Wani ya ce buhun ne, wani ya ce ɗakin ne. In akwai tsohuwa a kusa sai ta kashe maganar: "Kai ɗan nan, ku daina wahalar da kanku. Wake ai shi ke haifar ƙwarinsa."

Bari mu bi waɗanda ake tuhuma ɗaya bayan ɗaya.

Tsohon buhu da ɗakin da ba a share ba suna da nasu laifin, babu musu. Ragowar hatsin bara da ya maƙale a kusurwa ko a tsagar bango yana riƙe ƙwari har sabo ya zo. Amma akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida wanda zai nuna cewa ko babu su ɓarnar za ta auku. A sami kwalba mai haske, a wanke ta tas, ta bushe. A ɗebi sabon wake daga masussuka, wanda bai taɓa shiga buhu ko ɗaki ba, a tsince duk ƙwayar da ke da huda, a zuba lafiyayyun a kwalbar. A ɗaure bakinta da ƙyalle mai laushi yadda iska za ta shiga amma ko kiyashi ba zai ratsa ba. A ajiye. Sau da yawa, bayan mako uku zuwa huɗu, za a ga ƙwari suna yawo a jikin kwalbar daga ciki. Babu tsohon buhu, babu ɗaki, babu cakuɗe. An wanke mai sayarwa.

A nan kamar tsohuwa ce ta ci shari'a. Ba ita kaɗai ta taɓa wannan tunani ba. Turawa ma sun daɗe suna ɗaukar cewa ruɓaɓɓen nama shi ke haifar tsutsa, har sai da wani likita a Italiya, Francesco Redi, ya yi gwaji a 1668: ya rufe wasu tukwanen nama, ya bar wasu a buɗe, tsutsa ta fito a waɗanda ƙuda ya samu sauka kawai. Amma shi Redi ya ci sa'a, da ya rufe tukunya magana ta ƙare. Mu mun rufe kwalba, ƙwaro ya fito. Ke nan akwai abin da ya shige mana tun kafin rufewar.

Shaidar farko tana jikin hudar kanta. Ɗauki ƙwaya ɗaya ka kai ta haske. Hudar zagayayya ce cif, gefenta a gyare, ba irin cin ɓera ko gara ba. Sa'an nan ka karkaɗe garin da ya taru a gindin buhu a kan farin faranti, ka duba da kyau. Za ka ga 'yan mitsi-mitsin faya-faye na fatar wake, kowanne daidai bakin huda ɗaya. Murfi ne aka yanke aka ture. In ka ƙara tona waken za ka ci karo da ƙwayoyin da ba su huje ba tukuna amma suna da wani zagayen tabo mai duhu-duhu, fatar wurin ta yi siriri har kana hango abu a ƙarƙashi. Soka allura a wurin, ka ɓare. Ga shi nan kwance a ɗan kogo, ya gama girma, yana jiran ranar fita.

Ashe hudar da muke gani ba ƙofar shiga ba ce. Ƙofar fita ce. Ranar da ka ga huda, ɓarawon ya riga ya ƙoshi ya kama gabansa.

Saura ƙofar shiga. Wannan ita ce ke ɓoyuwa ga ido, don ba inda ake nema take ba. Koma kan lafiyayyen wake, wanda ɗan kasuwa ya ɗiba ya ce babu komai. A jikin wasu ƙwayoyin akwai wani ɗigo fari, bai kai kan allura ba, a manne kam, ko ka murza da yatsa ba ya fita da sauƙi. A farin wake kusan ba a ganinsa, a jan wake ne ya fi fitowa. Ƙwai ne. Lokacin da aka saka shi garai-garai yake, haske na ratsa shi. Cikin 'yan kwanaki, kamar biyar ko shida in da zafi, tsutsa ta ƙyanƙyashe, amma ba ta fitowa sarari ko sau ɗaya. Ta ƙasan ƙwan take hudawa kai tsaye ta nutse cikin wake, garin da ta tona ya cika kwanson ƙwan, shi ya sa yake komawa fari. Wato farin ɗigon nan murfi ne a kan ramin shiga. Daga nan tsutsa ta zauna a ciki tana ci tana girma, ta saɓa fata sau da dama, ta tona har dab da fatar wake ta bar wannan siririn tabo, ta kwanta ta rikiɗe ta zama ƙwaro. Duka-duka mako uku zuwa huɗu a zafi irin namu. Masana suna kiran wannan ƙwaro Callosobruchus maculatus.

Abin mamaki, shi babban ƙwaron da muke gani muna jin haushi ba ya cin wake. Bai ma damu da ci ko sha ba. Guzurin da ya tara yana tsutsa shi yake ƙonawa, kwanakinsa ba su cika wuce mako ɗaya zuwa biyu ba, aikinsa barbara da saka ƙwai. Mace ɗaya takan saka ƙwai gommai, har ta doshi ɗari.

To wa ya saka ƙwan farko, tunda waken kwalbarmu bai taɓa shiga ɗaki ba? A gona aka saka shi. Lokacin da kwanson wake ya fara bushewa a jikin uwarsa, macen ƙwaron takan sauka a kai ta yi ƙwai, ko ta shiga ta inda kwanson ya tsage ta saka a jikin ƙwayar. Tsutsa ta ratsa ta shige. Manomi ya rore, ya buge, ya sheƙe, iska ta kwashe ƙaiƙayi da kowa, amma wanda ke cikin ƙwaya yana nan daram. Da hannunsa ya zuba shi a buhu, da hannunsa ya ɗinke. Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai wata tambaya da ta rage a wannan zagaye: ita macen da ta je gona daga ina ta fito? Mafi yawa daga rumbunanmu. Idan ƙwari suka yi cunkoso a buhu, zafi ya ƙaru, sai a fara ƙyanƙyasar wani iri daga cikinsu mai ƙarfin fiffike, wanda ba ya gaggawar saka ƙwai a nan, tashi yake ya nemi wani wuri. Su ne ke isa gonakin da ke kusa da gari. Don haka buhun bara da aka yi watsi da shi a zaure shi ne ke aika wa gonar bana baƙi. A ƙasashen Sahel, musamman Nijar, akwai wani ɗan'uwan ƙwaron nan da ake kira Bruchidius atrolineatus wanda yakan riga shi shiga wake a gona, amma a rumbu shi Callosobruchus ɗin ne ke daɗewa yana ɓarna.

Mai karatu zai ce, to in ƙwayoyin da suka zo da ƙwai 'yan kaɗan ne, har ba a lura da su, yaya aka yi buhu guda ya zama gari? Lissafi ne. Mu ƙaddara mace ɗaya ta bar 'ya'ya mata 20 da suka rayu. A wata na biyu sun zama 400, a na uku 8,000, a na huɗu 160,000. Buhu mai kilo 100 na manyan wake bai wuce ƙwaya rabin miliyan da ɗoriya ba, kuma ba mace ɗaya ce ta shigo ba. Shi ya sa wata biyun farko suke yaudara. Ka soka buhu a Disamba ka ga lafiya lau, ka saki jiki, a Maris ka riƙe baki. Ɗumin da ake ji a jikin buhu kuwa numfashin dubban tsutsotsi ne.

Masara da dawa da shinkafa suna da nasu ƙwaron, ɗan baƙi mai dogon baki. Shi dabararsa ta fi ta na wake ɓoyuwa: macen takan tona ɗan rami da bakinta, ta saka ƙwai ɗaya a ciki, ta toshe da wani abu mai danƙo, ko farin ɗigon ma babu. Kuma shi babban yana ci, yana yin watanni a raye. Amma labarin ɗaya ne, daga gona yake soma shiga, musamman masarar da ɓawonta bai rufe kai ba.

Da an gane cewa abokin gaba a cikin ƙwaya yake, sai a fahimci dalilin da ya sa maganin da aka fi rugawa gare shi yake ba da kunya. Fiya-fiya da danginta suna kashe wanda suka taɓa, wato manyan da ke yawo a waje. Tsutsar da ke ƙunshe a ciki sau da yawa ba ta san ana yi ba. Bayan mako biyu sababbi su fito, mai kaya ya ce maganin bai ji ba, ya ƙara zubawa, ya ninka. Guba ta taru a abin da za a dafa wa yara. A 2008 an kwashi ɗalibai mata fiye da ɗari na wata makarantar sakandare a jihar Gombe zuwa asibiti bayan sun ci wake, kuma a wannan shekarar hukumar NAFDAC ta haramta jerin magungunan ƙwari, har da gamalin. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos da aka riƙa samu a cikinsa, wato irin gubar da ke cikin Sniper. Ƙasar da ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya aka rufe wa ƙofa saboda ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ita kuwa ƙwayar Phostoxin hayaƙinta yana ratsawa har ciki, gaskiya ne, amma sai a wurin da aka toshe ruf na kwanaki, a hannun wanda ya koyi aikin. A buhun saƙa hayaƙin zurarewa yake, kuma in ɗakin da mutane ke kwana ne, kisa yake yi. A ganina wanda ya jefa ta a buhu ya jingine a ɗakin matarsa ya yi ganganci da rai, ko da bai sani ba.

Mafitar ta ɓullo ne daga Marwa, a arewacin Kamaru. Tun ƙarshen shekarun 1980 masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Larry Murdock, suka haɗa kai da takwarorinsu na Kamaru suna bin ƙauyuka suna duba yadda mutane ke adana wake. Sun tarar da toka, suka gwada, suka ga tana aiki in an tankaɗe ta an zuba da yawa, aƙalla kwano na toka ga kwano na wake, yadda za ta cike duk wata kafa. 'Yar barbaɗawar da ake yi ba ta tsinana komai. Sun kuma gano cewa zafin digiri 57 na awa ɗaya yana kashe ƙwai da tsutsa da babba gaba ɗaya, suka fito da hanyar samun wannan zafi daga rana: a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ɗora baƙar leda, a baza wake ba da kauri ba, a rufe da farar leda mai haske, a naɗe gefuna a danne da duwatsu, a bar shi awa biyu da tsakar rana. Wannan ya bambanta da shanya a tabarma, inda manyan ke gudu su bar tsutsa a ciki.

Amma abin da ya fi karɓuwa shi ne buhu cikin buhu cikin buhu: ledoji biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Shi ne ya zama buhun PICS, wanda aka fara yaɗawa gadan-gadan a 2007 da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, kuma a Kano ma ana ƙera shi. A ƙauyuka akan ɗaure buhunan a gaban jama'a, a dawo bayan watanni a kwance a gaban jama'a, wake ya fito yadda aka zuba shi, babu ko ɗigon magani.

A nan wani sabon abin ɗaure kai ya taso, wannan karon ga masanan kansu. Me ke kashe ƙwarin? Amsar da kowa ke bayarwa ita ce sun shaƙe. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne. A rufaffen buhu ƙwarin da kansu suke zuƙe ta, ta sauko zuwa kashi 5 ko ƙasa da haka, gurɓatacciyar iskar da suke fitarwa kuma ta taru. Sai dai lissafin bai cika ba. Oksijin ɗin ba ya ƙarewa ƙurmus, kuma tsutsar ba ta mutuwa nan take yadda mai shaƙewa ke yi, takan yi kwanaki da rai.

A Purdue suna da wata na'ura da Richard Shade da abokan aikinsa suka ƙera, wadda ke jiyo ƙarar cizon tsutsa a cikin ƙwayar wake, cizo ɗaya-ɗaya. Suka raba waɗanda ake tuhuma biyu. Suka ƙara gurɓatacciyar iska suka bar oksijin yadda yake: tsutsa ta ci gaba da cin abincinta. Suka rage oksijin: cizo ya tsaya. To an san wanda ke hana ci, kuma wannan kaɗai ya isa ya tsai da ɓarna, don tsutsar da ba ta ci ba ta girma, ba ta haihuwa. Saura me ke ƙarasa ta.

Sai suka koma ga wata tambaya da kowa ke tsallakewa. Halittar da ke zaune cikin busasshen wake, da rani, ba ta taɓa ganin ɗigon ruwa ba, ina take samun na sha? A jikinta take haɗa shi. Idan jiki ya ƙona abinci da oksijin, ruwa na cikin abin da ke fitowa, giram ɗaya na sitaci yana ba da fiye da rabin giram na ruwa. Wannan ita ce rijiyar tsutsar. Ka rage mata oksijin, ka toshe rijiya, alhali jikinta na ci gaba da zubar da ɗan ruwan da ya rage. A 2012 Murdock da Shade da abokan aikinsu, ciki har da Ibrahim Baoua na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi, suka wallafa sakamakon: ƙishirwa ce ke kashe ƙwaron wake a rufaffen buhu, bushewa yake yi.

Wannan ya warware wasu ƙorafe-ƙorafen da ake ji daga masu cewa sun gwada bai yi musu ba. Matar da ke kwance buhu duk Juma'a ta ɗebi na alale ko ƙosai, duk buɗewa tana shayar da tsutsar da ta kusa mutuwa. Gara ta ware na ci a wani mazubi tun farko. Wanda ya zuba rabin buhu ya ɗaure can sama ya bar musu iska mai yawa, dole a matse ledar ta kwanta a kan waken, a murɗe bakin, a lanƙwasa, a ɗaure tamau, sa'an nan ta biyu, sa'an nan buhun waje. Wanda bai hura ledar ya gwada ta ba kafin zubawa, ƙila da ƙaramar huda ya saya. Ita leda ta biyu ba ado ba ce: ƙwaron da ya fito daga ƙwayar da ke manne da leda yakan iya huda ta ciki, ta biyun ce ke tare iska. Ɓera kuwa huda uku yake yi a dare ɗaya, don haka a ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. Haka nan mai soka ƙarfen duba hatsi a irin wannan buhu ya gama da shi. Wani abin ban dariya, buhun da ya fi ƙwari shi ya fi saurin kashe su, don sun fi saurin cinye iskarsu.

Ba lallai sai PICS ba. Jarka ko duro mai murfin da ke toshewa ruf suna yin aikin, matuƙar an wanke su, ba na fetur ko na magani ba ne, kuma an cika su har wuya. Tsofaffin da ke liƙe bakin tulu da laka dama a kan hanya suke. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: hatsin ya bushe sosai. Ɗanye-ɗanye in an rufe shi fumfuna zai yi, ya yi tsami, in iri ne kuma ya ƙi tsira. Ka ciza ƙwaya, in ta fashe da ƙara ta bushe. Ko ka zuba kaɗan a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ka girgiza, ka bar shi ɗan lokaci, in gishirin ya manne a jikin kwalba to a mayar da shi rana.

Tsohuwa dai ba ta yi nisa da gaskiya ba. Wake ba ya haifar ƙwari, amma da su yake shigowa gida. Saboda haka manomi da ɗan kasuwa da uwargida, kada ku jira sai kun ga huda. Ku ɗauka duk waken da ya fito daga gona yana ɗauke da ƙwai, ku rore da wuri, ku busar, ku rufe shi ruf a makon da aka buge shi, ku share ragowar bara ku fitar. Kuɗin fiya-fiya kuma a sa su a leda mai kauri.